Wane mazubi ya dace da man shafawa na kaɗanya?

Wata mata daga Malisa, a ƙasar Gwandu ta jihar Kebbi, tana haɗa man shafawa tana sayarwa, ta tambaya me ya kamata ta zuba cikinsa, kuma a wane mazubi.

Man kaɗanya shi ne tushen irin wannan haɗi, ana kawo shi da yawa daga kudancin Kebbi da jihar Neja. Ana sassauta shi da man kwakwa ko na riɗi. Idan mai ne zalla yakan daɗe. Da zarar an sa ruwa, ko ruwan ganye, sai ya yi funfuna cikin ɗan lokaci, in ba a ƙara sinadarin hana lalacewa ba. Ga ƙaramar sana'a, ƙin sa ruwan ya fi sauƙi. Sinadaran sauya launin fata kuwa, musamman masu makuri, haɗari ne ga fata da ƙoda.

Batun mazubi, zafi ne ke yanke hukunci. Man kaɗanya yana narkewa kafin zafi ya kai digiri 45, a watan Afrilu kuma wannan yanki yakan wuce 40. Leda takan yi yoyo. Kwalba tana da kyau amma tana da nauyi, ga fashewa a mota. Roba mai faɗin baki, mai murfin murɗawa, wadda haske ba ya ratsawa, ita ta fi dacewa.

A jikin mazubin a rubuta abin da ke ciki, da ranar haɗawa da ta ƙarewa. Kafin kayan su shiga shaguna, sai an yi musu rajista da hukumar NAFDAC.