Yadda A Ke Sake Boris Na Ƙafar Gaba Ta Mota

Ya ku manoma da dagatai, motar da ke kai gyaɗarku da audugarku kasuwa, kan boris ƙafafunta su ke juyawa. In ya ci har ya fashe a kan hanya, ƙafa ta kan fita, kaya su zube, wani lokaci har a yi hasarar rai. Keken shanun da aka haɗa da ƙafafun mota shi ma haka ne.

Alamun lalacewa. Za ku ji ƙugi daga gaba, yana ƙaruwa in mota ta ƙara gudu. Cibiyar ƙafa ta kan yi zafi ƙwarai. In an ɗaga ƙafar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi lakwaf-lakwaf, boris ya ci, ko kuwa notinsa ya saki.

Yadda a ke yi.

1. A tsai da mota a wuri mai tauri, a tokare ƙafafun baya da duwatsu. A sassauta notocin taya tukuna, sa'an nan a ɗaga da jak, a sa gungume mai ƙarfi a ƙarƙashi. Kada a dogara ga jak kaɗai.

2. A cire taya, a kwance birki a rataye shi da waya, kada nauyinsa ya ja tiyon mai.

3. A cire murfin cibiya, a zare ƙusar da ke tsare babban noti, a kwance notin, a jawo cibiya. Boris biyu ne a ciki: ƙarami daga waje, babba daga ciki, da roba mai tsare giris.

4. A fid da tsofaffin zobban da boris ke gudu a kansu, a wanke cibiya da kananzir, a bar ta ta bushe. Ko wane sabon boris da zobensa ya ke zuwa, tare za a sa su. A shigar da zobe sannu sannu, a ɗora tsohon a kansa a buga, kada guduma ta taɓa sabon.

5. A cusa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen. A sa sabuwar roba. Ku lura ƙwarai da yashi, gama ƙwaya kaɗan ta isa ta ɓata aikin duka.

6. A mai da cibiya, a riƙa juya ta ana ɗaure noti har boris ya zauna, sa'an nan a sassauta kaɗan, a sa sabuwar ƙusa. In an matse ƙwarai boris zai ƙone, in ya yi sako-sako ƙafa za ta yi rawa.

Motocin zamani da yawa boris ɗinsu a rufe ya ke, ba a sa masa giris. Wannan sai a kai wa makaniki ya sake shi ɗungum, ya ɗaure bisa ma'aunin da masu ƙera motar suka faɗa.

In an gama, a taka birki sau da yawa har ya kama kafin a tashi. Bayan tafiya kaɗan a tsaya a taɓa cibiya.

Dagatai, ku sa a duba ƙafafun motoci da kekunan shanu tun kafin kaka, musamman waɗanda suka ratsa ruwa da damina, domin ruwa ya kan ɓata giris. Allah ya kai kaya lafiya.