Kafin Ka Ɗora Wa Kekenka Mai Giya Inji

Jama'a, da yawa daga cikinmu keke ne jakinsu. Da shi a ke kai taki gona, da shi a ke kai buhun gyaɗa kasuwa. Yanzu kuwa ga ƙananan injuna ana kawowa daga ƙasar Sin, waɗanda a kan ɗaura a tsakiyar keke don ƙafa ta huta. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1946 a ka fara sayar da VéloSoleX a Faransa, a 1950 kuma Cyclemaster ya fito a Ingila. To, mai keke mai giya ya kan tambaya, ko injin zai iya aiki da giyar kekensa? Amsa ita ce, ya fi kyau a bar wa ƙafa giyarta, a ba inji tasa sarƙar dabam. Ga dalili.

Mutum ya kan juya feda kamar sau 60 zuwa 80 a minti ɗaya. Ƙaramin injin nan kuwa ya kan juya har sau 6,000, ƙarfinsa kuma ya ninka na mutum wajen sau goma. Giyar keke da sarƙarta don ƙafar mutum a ka yi su. In ka duba sarƙoƙin, tazarar gaɓoɓinsu ɗaya ce, watau rabin inci, amma faɗinsu ya bambanta. Ta keke mai giya a waje 3/32 na inci ce ko ƙasa da haka, ta keke maras giya 1/8, ta inji kuwa 3/16. Saboda haka haƙoran inji ba su shiga siririyar sarƙar giya sosai, in an tilasta kuwa sai ta riƙa zamewa ko ta tsinke.

Shi ya sa masu ƙera injin su ka ba shi hanyarsa ta hagu. Sarƙa mai kauri ta kan taso daga ƙaramin faifai mai haƙora 10 a jikin inji, ta je ga babban faifai mai haƙora 44 wanda a ke ɗaurewa a wayoyin ƙafar baya. Feda da giya suna nan dama, ba abin da ya taɓa su. In fetur ya ƙare a hanya, sai ka kama kuloci ka tuƙa abinka zuwa gida.

Girman faifan baya shi ne giyar inji, don haka a zaɓe shi bisa ga aikin da za a yi. Da mai haƙora 44, keke mai ƙafa inci 26 zai yi kamar mil 25 a sa'a. Da mai haƙora 56, gudun zai sauko wajen mil 20, amma ƙarfin ja ya ƙaru. Malamin ofis mai bin kwalta yana iya zama da 44. Manomi mai kaya, mai bin rairayi da hawa, babban shi ne nasa.

Kafin ka ba da kuɗinka, ga abubuwa huɗu da za ka duba.

Na ɗaya, ƙirga wayoyin ƙafar baya. Faifan da ya kan zo da inji ramukan ƙusa 9 gare shi, an yi shi don ƙafa mai waya 36. Tsofaffin kekunan Ingila irin su Raleigh kuwa da yawa waya 40 gare su a baya, ramukan ba za su dace ba. In an matsa haka nan, faifan ya kan zauna a karkace, wayoyin su yi ta karyewa.

Na biyu, dubi hagun cibiyar ƙafar. In akwai faifan birki a wurin, ya riga ya tare mazaunin faifan inji, sai an nemi wani mariƙi na musamman.

Na uku, gwada injin a tsakiyar keken, ka juya feda ka ga ko tana bugunsa.

Na huɗu, bayan an ɗaura, ja zare daga ƙaramin faifai zuwa babban, lalle su tsaya a layi guda. Sarƙar kuma a bar mata sassauci kamar rabin inci.

Akwai dai wata sandar ƙarfe da a kan ƙara, wadda ta ke ɗauko ƙarfin inji daga hagu ta kai shi dama, ya bi ta cikin giya. Tana taimako a hawa, amma da sharaɗi. Tilas a sa abin da zai saki feda, in ba haka ba inji zai riƙa juya ta da ƙarfi ta doke ka a ƙwauri. Tilas kuma a sassauta wuta duk lokacin da za a sake giya. Masu giya uku ta cikin cibiya, irin ta Sturmey-Archer da ta fito a 1936, su ƙara lura. Haƙoranta ƙanana ne, kuma a tsofaffin, in wayar giya ta saki, ta kan kuɓuce tsakanin giya ta biyu da ta uku. Da ƙafa ma abin ya kan ka da mutum, balle da inji da buhu a baya.

Daɗin daɗawa, keken da ya ke gudun mil 20 da kaya yana bukatar birki mai kyau gaba da baya. A gyara birki tukuna, sa'an nan a sayi inji. Kuma a yi wannan aiki tun da rani, a gwada shi sosai, kada giya ta watse maka da kaka, ranar kasuwa, kaya na gida.