Ciwon Karkarwa da Wayar da Ake Sawa Cikin Ƙwaƙwalwa

A garuruwanmu mukan ga wani tsoho wanda hannunsa ke karkarwa. Yana zaune shiru, amma yatsunsa suna ta motsi kamar mai jan tasbaha. In ya tashi tafiya sai ya sunkuya, yana jan ƙafa. Muryarsa ta yi ƙasa, fuskarsa ba ta sakewa. Waɗansu su ce sammu ne, waɗansu su ce iska ce ta taɓa shi. Ba haka ba ne. Ciwo ne, likitoci kuwa sun san shi.

Wani likita na birnin Landan, wai shi James Parkinson, shi ya bayyana ciwon a rubuce cikin 1817. Shi ya sa ake ce masa ciwon Fakinsan. Yakan kama maza da mata, mai kuɗi da talaka, galibi bayan shekara 60. Muhammad Ali, shahararren ɗan damben nan na Amurka, ya yi fama da shi fiye da shekara 30, har ya rasu cikin 2016.

Ina ciwon yake?

Hannu ke rawa, amma ciwon yana cikin kai. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke yin wani sinadari, sunansa dofamin. Aikinsa kamar na man keke ne. In da mai, keke ya tafi sumul. In mai ya ƙare, sarƙa ta cije. Ga mai wannan ciwo, wurin nan yana lalacewa a hankali, dofamin ya yi ta raguwa. Sai jiki ya sandare, motsi ya yi nauyi, hannu ya kama rawa.

Maganin farko ƙwaya ce, sunanta lebodofa. In an sha, ƙwaƙwalwa takan mai da ita dofamin. Tana aiki ƙwarai. Amma bayan shekaru ƙarfinta yakan ƙare tun lokacin shan wata bai yi ba. Wani kuma in ya sha sai jikinsa ya riƙa murɗewa ba da sonsa ba. Don irin waɗannan mutane aka samo wata dabara.

Yadda aka gano dabarar

Dā likitoci sukan ƙona ɗan wuri cikin ƙwaƙwalwa don su tsai da karkarwa. Kafin su ƙona, sukan gwada wurin da 'yar wutar lantarki. Cikin 1987, a garin Grenoble na ƙasar Faransa, wani likitan fiɗa mai suna Alim-Louis Benabid ya lura da wani abu. In wutar na bugawa da sauri, fiye da sau 100 cikin daƙiƙa guda, sai hannu ya daina rawa. In an kashe, rawar ta dawo. Ashe ba sai an ƙona ba. Sai ya bar wayar a ciki. Cikin 1993 shi da abokan aikinsa suka sa ta a wani wuri dabam, inda ta rage sandarewa da nauyin jiki kuma.

Yadda ake aikin

Da farko a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, a auna wurin. Sa'an nan a yi 'yar huda a ƙoƙon kai, a zura waya wadda kaurinta bai kai na tsinken ashana ba. Sau da yawa mutum yana farke, don likita ya ga ko rawar ta tsaya. Ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafin taɓawa. Daga nan a bi da wayar ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne, har ƙirji. Nan ake binne batir, girmansa kamar akwatin ashana. Wani batir yakan yi shekara 3 zuwa 5 kafin a canja shi. Wani kuwa caji ake yi masa, yakan fi haka daɗewa.

Abin da take yi, da abin da ba ta yi

Wayar tana rage karkarwa da sandarewa. Wanda ba ya iya kai cokali baki sai ya ci abinci da kansa. Sau da yawa akan rage masa ƙwayoyi.

Amma mu lura, ba ta warkar da ciwon. Ba ta kuma maganin mantuwa. Ciwon nan in ya daɗe yakan taɓa tunanin waɗansu, su riƙa mantuwa da ruɗewa. Wanda ya kai haka ba a yi masa aikin, don yana iya ƙara ruɗa shi. Saboda haka sai an gwada tunanin mutum tukuna. Ko wanda aka yi wa ma, wani kalma takan yi masa nauyin zuwa baki. Akwai kuma haɗarin zubar jini cikin kai, ko miki ya ruɓe.

Mene ne namu?

Aikin nan yana da tsada ƙwarai, asibitocin da ke yinsa a Afirka kuwa kaɗan ne. Amma yawancin masu ciwon ƙwaya ce buƙatarsu. In muna da mai karkarwa a gida, mu kai shi asibiti. Mu tuna masa da lokacin shan magani. Mu bar shi ya riƙa tafiya da 'yan aikace-aikace, gama motsa jiki yana taimakonsa. Ciwon ba ya yaɗuwa, mu ci da shi cikin akushi ɗaya. Kada mu bar yara su yi masa dariya.

Tambayoyi

1. A ina ciwon karkarwa yake, hannu ko kai?
2. Mene ne aikin dofamin?
3. Me Benabid ya gano cikin 1987?
4. Don me ake gwada tunanin mutum kafin a sa masa waya?
5. Me ya kamata mu yi wa mai wannan ciwo?