Maikurogiliya da Cutar Gigin Tsufa

Gabatarwa

Gigin tsufa cuta ce da ke raunana tunanin mutum har ya kasa gane hanyar gidansa, wani lokaci ma ya mance sunayen 'ya'yansa. Mutane da dama suna ɗaukar wannan hali a matsayin ɗabi'ar tsufa, amma likitoci sun tabbatar da cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 57 ne ke fama da shi a shekarar 2021. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon suna ɗauke ne da cutar Alzheimer, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906.

Mece ce maikurogiliya?

Baya ga ƙwayoyin jijiya masu isar da saƙonni, akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta a cikin ƙwaƙwalwa da ake kira maikurogiliya. Wani masanin ƙasar Sifen, Pío del Río Hortega, shi ya bayyana su a 1919. Yawansu ya kai kimanin ɗaya bisa goma na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma su ne garkuwarta. Suna da rassa sirara da suke lalube da su dare da rana. Idan suka ci karo da ƙwayar cuta ko matacciyar ƙwayar halitta, sai su haɗiye ta. Haka kuma sukan datse mahaɗan jijiyoyi waɗanda ba su da sauran amfani.

Rawar da suke takawa a cutar

A cutar Alzheimer wani furotin mai suna amiloyid yakan taru ya daskare a tsakanin ƙwayoyin jijiya. Da farko maikurogiliya sukan kewaye shi su cinye wani sashe. Amma idan tarin ya daɗe, sai su riƙa fitar da sinadarai masu haddasa kumburi, waɗanda ke cutar da jijiyoyin da suke karewa. A 2016 wasu masana a birnin Boston na Amurka sun nuna, ta gwaji a kan ɓeraye, cewa maikurogiliya sukan datse lafiyayyun mahaɗai tun farkon cutar. Kafin nan, a 2013, an ruwaito cewa tawaya a ƙwayar gado mai suna TREM2, wadda ke taimaka wa maikurogiliya gane abin da za su cinye, tana ninka haɗarin kamuwa da cutar kusan sau uku.

Neman magani

Maganin lecanemab, wanda Amurka ta ba cikakkiyar amincewa a Yulin 2023, ana ɗura shi ne ta jijiyar jini. Yakan manne wa amiloyid ya zama alama, sai maikurogiliya su gane shi su share. A gwajin da aka yi wa mutane 1,795 na tsawon wata 18, ya rage saurin taɓarɓarewar tunani da kashi 27 cikin 100. Sai dai ba ya warkar da cutar, kuma yakan jawo wa wasu kumburin ƙwaƙwalwa ko ɗan zubar jini a cikinta. Wani maganin kuma, AL002, da aka tsara domin zaburar da TREM2, bai rage ciwon ba a gwajin da aka bayyana sakamakonsa a 2024.

Kammalawa

Ke nan zaburar da maikurogiliya kaɗai bai isa ba. Aikin da ke gaban masana shi ne gano lokaci da gwargwadon da za a sa su share dattin ba tare da sun taɓa lafiyayyun jijiyoyi ba. Kafin a kai ga haka, dattijon da mantuwa ta fara yi wa yawa ya cancanci a kai shi asibiti da wuri.

Tambayoyi

1. Kawo ayyuka biyu na maikurogiliya.
2. Ta yaya maikurogiliya kan cutar da ƙwaƙwalwa?
3. Bayyana yadda lecanemab ke aiki.