Amsoshin Wasiƙunku: Fitilar LED da Kuɗin Wuta



Wasiƙarmu ta farko daga wani magidanci ce a Zariya. Ya ce an gama masa silin na POP, mai wayarin ya ba shi shawarar ya sa ƙananan fitilun LED da ake binnewa cikin silin, amma ya ga sun fi tsada. Shin da gaske suna rage shan wuta?

To Malam, da gaske ne. Tsohon ƙwan fitila sai zaren cikinsa ya yi jawur kafin ya haska, don haka kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zafi take komawa. Hasken ƙwai mai wat 60, LED mai wat 9 zai ba ka shi. Mu buga lissafi: ƙwai goma, awa biyar kullum. Tsofaffin za su cinye yunit 90 a wata, LED kuwa yunit 13 da rabi. Tsadar LED sau ɗaya za ka biya a shago, ta tsohon ƙwai kuwa duk wata tana jiranka a mita. In janareto ko sola kake amfani da shi, sauƙin ma ya fi yawa. Fitilun halojin na silin kuma, masu wat 50, zafinsu kusa da katako abin tsoro ne.

Sai wata uwargida daga Maradi, wadda ta ce nata LED ɗin bai yi wata biyu ba ya mutu.

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Mai kyau yakan kai awa 15,000 ko fiye, alhali tsohon ƙwai awa 1,000 ne. Galibi 'yar na'urar da ke gindinsa ce ke lalacewa, saboda zafi ko hawa da saukar wuta, kuma jabu ya yi yawa a kasuwa. Ki nemi mai garanti. Ki kuma duba adadin lumen a jikin kwali, shi ne ma'aunin haske: 800 ya isa madadin tsohon mai wat 60.

Wani ɗalibi daga Kumasi yana tambayar waɗanda suka kawo wannan fasaha. Shuɗin LED, wanda ya buɗe hanyar samun farin haske, aikin Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura ne, haifaffun Japan. A kansa aka ba su kyautar Nobel a 2014.

Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.