Uwar Garken Rahotanni: Abin da ke Bayan Shafin Sakamakon Jarrabawa

Garin Wudil, mai nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, nan ne mazaunin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, kuma aka san ta da sunan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano kafin a sauya mata suna a 2022. Nan ne kuma mazaunin Kwalejin 'Yan Sanda ta ƙasa. Duk makaranta mai girma irin waɗannan tana tara bayanai masu tarin yawa: sunayen ɗalibai, lambobin rajista, maki, kuɗin makaranta, albashin ma'aikata. Ɗalibi dai shafi guda yake gani a wayarsa ranar da sakamako ya fito. Darasin yau a kan na'urar da ke haɗa irin wannan shafi ne, wato uwar garken rahotanni, kuma bayanin ya shafi kowace ma'aikata mai irin wannan tsari, makaranta ce ko banki ko asibiti.

Bayanan kansu suna zaune ne a rumbun bayanai, a jere cikin jadawali, ba yadda mutum zai karanta su cikin sauƙi. Uwar garken rahotanni kamar akawu take: a tambaye ta, ta shiga rumbun, ta ɗebo abin da aka nema, ta yi lissafi, ta tsara shi a takardar PDF ko Excel. Ana iya saita ta ma ta riƙa tura wa shugaban sashe rahoto ta imel duk safiyar Litinin ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Daga cikin sanannun manhajojin wannan aiki akwai SQL Server Reporting Services na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2004 kuma ake taƙaita sunansa da SSRS, da Power BI Report Server na 2017, da JasperReports Server.

Haɗarin a nan yake. Kafin akawu ya shiga sito sai an ba shi mabuɗi. Haka ita ma uwar garken tana ajiye suna da kalmar sirrin da take shiga rumbun da su. Idan mai kula da ita ya yi ganganci ya ba ta asusun da ke da ikon komai, to duk wanda ya kama ta ya kama rumbun gaba ɗaya, har da ikon sauya maki. Ƙa'idar ita ce a ba ta asusun karatu kawai, wanda ba ya iya gogewa ko gyarawa, kuma a taƙaita shi ga jadawalin da rahoton yake buƙata.

Sai batun wa zai ga me. SSRS ya raba matsayi: mai matsayin Browser dubawa kawai yake yi, Publisher yana ɗora sabon rahoto, Content Manager kuwa yana iya gogewa da raba wa wasu izini. Kuskuren da aka fi yi ba na fasaha ba ne, na jin nauyi ne. Wani babba ya yi ƙorafin rahoto ya ƙi buɗuwa, sai ma'aikaci ya ba shi matsayi mafi girma don a zauna lafiya. Bayan shekara biyu, rabin ofis na da ikon da mutum biyu kaɗai ya kamata su riƙe. Ga kuma ɗan bautar ƙasa da ya gama hidima ya koma garinsu, asusunsa na nan a buɗe. Maganin shi ne a raba izini ga rukuni, ba ga ɗaiɗaikun mutane ba, sannan a duba jerin sunayen duk ƙarshen zango.

Akwai wata ɓaraka da mai waya ma zai iya gane ta. Wani lokaci adireshin rahoto yana ƙarewa da lamba, misali 4521. Idan aka mayar da ita 4522 sai takardar wani ta buɗe, to uwar garken ta tantance cewa mutum ya shiga, amma ba ta tantance ko takardar tasa ba ce. Ƙungiyar OWASP ta sanya irin wannan rauni na rabon izini a matsayi na ɗaya cikin jerin haɗurra goma da ta fitar a 2021. Wanda ya ci karo da haka ya sanar da sashen kula da kwamfuta, kada ya tsaya leƙen makin abokai, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga bayanai ba da izini ba.

Sa ido shi ne aikin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, don ba a ganin amfaninsa sai ranar da abu ya lalace. SSRS yana rubuta duk rahoton da aka buɗe a wani kundi mai suna ExecutionLog: wa ya buɗe, ƙarfe nawa, layi nawa ya fita, da lokacin da aka ɓata wajen ɗebo bayanai, sarrafa su, da tsara shafi. Daga nan ake gane dalilin da shafi ke nauyi ranar da dubban ɗalibai suka yi masa caa a lokaci guda. Daga nan kuma ake ganin asusun ƙaramin ma'aikaci ya sauke sunayen ɗalibai kaf da ƙarfe biyun dare. Sai dai a saitinsa na asali kwana 60 kawai kundin yake riƙewa, don haka mai hankali yana kwafe shi zuwa wata na'ura kafin ya goge.

Abin da ya sami kamfanin Equifax na Amurka a 2017 ya isa misali. Masu kutse sun shiga ta wani rauni da tun watan Maris aka fitar da facinsa, suka yi kwana 76 suna kwasar bayanan mutane kusan miliyan 147. Kamfanin yana da na'urar sa ido, amma takardar shaidarta ta dijital ta daina aiki watanni da yawa kafin nan, ba wanda ya lura. Da aka sabunta ta a ƙarshen Yuli, nan take aka ga zirga-zirgar ɓarayin.

Shi ma SSRS bai tsira ba. A Fabrairun 2020 Microsoft ya toshe wani rauni mai lamba CVE-2020-0618, wanda ke ba mai ƙaramin asusu damar sarrafa uwar garken daga nesa. A Satumban 2024, bayan fiye da shekara huɗu, hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta sanya shi cikin jerin raunukan da ake kai hari da su. Ma'ana, har lokacin akwai wuraren da ba su ɗora facin ba.

A yanayi irin na Wudil, zafin bazara da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta su ma abokan gaba ne, shi ya sa kwafin ajiya ya zama dole. Abin da sababbin ma'aikata ke mantawa shi ne mabuɗin sirrin da SSRS ke kulle kalmomin shiga rumbu da shi. Idan na'ura ta ƙone aka dawo da kwafi babu wannan mabuɗi, sai an sake shigar da kowace kalmar sirri da hannu. Kwafin kuma a ajiye shi a wani gini daban, a riƙa gwada dawo da shi lokaci-lokaci.

Doka ma ta shigo ciki. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a Yunin 2023, ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka gano kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ma'aikatar da ba ta da kundi ba za ta iya faɗin bayanan wa aka ɗauka ba.

Shi kuwa ɗalibi, nasa kason yana farawa ne daga inda rahoton ya bar uwar garke, domin takardar PDF da aka sauke ba ta da sauran kariya. Wanda ya tura tasa zauren WhatsApp ya raba lambar rajistarsa ga mutanen da bai sani ba. Wanda ya je shagon buga takardu ya shiga asusunsa a kwamfutarsu, ya tabbatar ya fita daga asusun, ya ƙi yarda burauza ta adana kalmar sirrinsa, sannan ya goge takardar daga jakar Downloads kafin ya tashi daga kujera.