Jiraniyam: A San Wanda Aka Saya Kafin A Dasa

Korafin da na fi ji daga masu sha'awar furanni shi ne: an sayo jiraniyam, an ce mai juriya ne, an dasa, ana ba shi ruwa safe da yamma, amma kafin bazara ta fita ya bushe. Galibi ba sakaci ba ne. Tun wajen saye aka yi kuskure.

Tsirrai iri biyu ne ke amsa wannan suna. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya haɗa su gida ɗaya, sai a 1789 wani Bafaranshe, Charles L'Héritier, ya raba su, amma bakin 'yan kasuwa bai bi shi ba har yau. Na farko shi ne jiraniyam na ainihi. Sunansa daga kalmar Girkanci ta gauraka ya fito, saboda kwanson irinsa ya yi kama da bakin gauraka. Na biyu, felagoniyam, an ba shi sunan shamuwa. Bambance su ba wuya: a dubi furen. Idan kunnuwansa biyar duk daidai suke, na gauraka ne. Idan biyun sama sun saɓa da ukun ƙasa, na shamuwa ne.

Wasu ƙananan na gauraka 'yan tsaunukan Turai ne. Geranium cinereum daga tsaunukan Firanis yake, tsakanin Faransa da Sifaniya, Geranium dalmaticum kuma daga yankin Balkan, kuma tsayinsu bai cika wuce santimita 15 ba. Juriyar da ake yaba musu ta sanyi ce, su kwana cikin ƙanƙara su wayi gari. Ba ta zafin Afrilu a Kano ko Maraɗi ba ce, inda ma'auni kan haura digiri 40. Ni dai ba na ba kowa shawarar kashe kuɗinsa a kansu a nan. Mai zaune a Jos, inda tudu ya kai kimanin mita 1,200, yana iya jarrabawa.

Wanda zama ya kai shi ƙasar sanyi kamar Ingila, ya dasa su inda rana ke samu, cikin ƙasa mai tsakuwa da ba ta riƙe ruwa. Bayan sun gama fure ya datse su don su sake toho, bayan shekara uku zuwa huɗu ya tone ya rarraba saiwar. In ganye ya kwanta da sanyi kada ya tumɓuke, barci suke yi.

Mu kuwa, na shamuwa ne namu, don asalinsa kudancin Afirka ne, ya san fari. Abin da ke kashe shi shi ne yawan ruwa. A nemi tukunyar ƙasa, a huda gindinta, a haɗa yashi da turɓaya da ɗan takin dabbobi da ya ruɓe sarai. Ɗan kaɗan na ce, domin taki in ya yi yawa sai ganye ya cika tukunya, fure ya ƙi fita. Kafin a zuba ruwa a tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, a bari sai gobe. A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba. Ranar hantsi ta ishe shi, daga azahar yana son inuwa. Da bazara yakan daina fure, wannan ba ciwo ba ne. Watan Agusta ne abin tsoro: a janye tukunyar zuwa ƙarƙashin rumfa, in ba haka ba gindin ya yi baƙi ya ruɓe.

Ba sai an sake saye ba. Da shigar hunturu a yanki reshe mai kamar santimita 10 daga ƙasan gaɓa, a tsige ganyen ƙasa, a bar yankan ya sha iska 'yan sa'o'i, a soka cikin yashi mai danshi. Cikin mako uku zuwa huɗu zai yi saiwa. In maƙwabciya na da shi, a roƙi reshe ɗaya a wurinta, ya wadatar.